Yadda Ake Kwashe Shafin Intanet Daga Dandalin Kyauta Zuwa Masaukin Kai

A cikin birnin Kano akwai mutane da dama da suka shekara biyar, wasu ma goma, suna zuba rubutu a shafin da Blogger ko WordPress.com suka ba su kyauta. Akwai malamin Islamiyya da ke ɗora darussan fiƙihu, da marubuciyar da ke sakin labarinta babi bayan babi, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke nuna sababbin atamfofi da shadda, da ɗalibin Jami'ar Bayero da ke tattara bayanan karatu domin abokansa. Fara aiki ta wannan hanya ba aibu ba ne, domin ita ce ta buɗe wa da yawanmu ƙofa a lokacin da ba mu da ko sisi da za mu kashe. Abin da ya kamata mutum ya gane shi ne, adireshin da ya ƙare da blogspot.com ko wordpress.com na kamfanin ne, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, dandalinsa na shafukan kyauta, a shekarar 2009, shafukan miliyoyin mutane suka tafi tare da shi. Google da kansa, wanda ya sayi Blogger a 2003, ya rufe dandalinsa na sada zumunta, Google+, a watan Afrilun 2019. Ba ina cewa gobe za a rufe Blogger ba ne, abin da nake nufi shi ne hukuncin rufewa ko canza dokoki ba a hannunka yake ba.

Sai dai kafin a ɗaura kaya, akwai gaskiyar da masu tallar wannan aiki ba su cika faɗa ba. Masaukin kai, wato wurin da kai da kanka ka kama domin ajiye shafinka, shi ma haya ne, ana biya kowace shekara, kuma duk wata ɗawainiya da Google yake ɗauke maka a ɓoye, kamar tsaro da sabunta manhaja da ajiye kwafi, za ta dawo wuyanka. Wanda yake rubutu sau uku a shekara, kuma ba ya neman kuɗi ko suna da shafinsa, ni a ganina ya zauna inda yake, idan a Blogger yake ya sayi sunan adireshi kawai ya liƙa. Wanda ƙaura za ta amfana shi ne mai rubutu a kai a kai, ko mai son sayar da littafi ko kaya ta shafinsa, ko mai son tsara shafin yadda ransa yake so ba tare da an gindaya masa iyaka ba.

Sunan adireshi shi ne takardar filinka

Abu biyu ake saya, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne sunan adireshi, wanda masu sana'ar ke kira domen, wato abin da mai karatu zai rubuta ya iso gare ka. Na biyu shi ne masauki, wanda suke kira hostin, wato wuri a kan wata babbar kwamfuta mai aiki dare da rana inda rubuce-rubucenka da hotunanka za su zauna. Masauki ana iya canza shi sau goma idan bai yi maka ba, amma suna shi ne abin da mutane suka haddace, shi ne abin da Google ya sani, don haka a kansa ya kamata ka fi tsayawa.

Kana da zaɓi tsakanin suna mai ƙarewa da .com da kuma namu na gida, wato .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ake kuma sayensu ta hannun kamfanonin da ta amince wa. Sunan .com farashinsa yana bin dala, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan sakin farashin canji a watan Yunin 2023, kuɗin sabuntawa sai ya yi tsalle ko da a hannun kamfanin gida ka saya. Shi kuwa .com.ng da naira ake biya, kuma ya fi .ng sauƙin kuɗi. Idan masu karatunka Hausawa ne na Najeriya da Nijar da sauran wurare, babu abin da .com.ng zai rage maka. Ka zaɓi suna gajere wanda za a iya faɗa a rediyo ko a waya a rubuta daidai ba tare da an sake tambaya ba, kuma ka guji kalmar da ke da harafi mai lanƙwasa idan har cire lanƙwasar zai juya ma'ana, domin a adireshi ƙasa da kasa duk abu ɗaya za su zama.

Ga inda na fi son mai karatu ya buɗe kunne. Na ga mutane fiye da ɗaya a garin nan da suka ba wani yaro mai haɗa shafuka kuɗi ya saya musu suna, shi kuwa ya yi rajista da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ba lallai ne da mugun nufi ya yi ba, sau da yawa don ya gama aikin da wuri ne. Bayan shekara guda yaron ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, saƙon sabuntawa yana zuwa akwatinsa ba ya dubawa, sunan ya mutu, mai shafi kuwa ba shi da wata hujja da zai nuna wa kamfani cewa nasa ne. Ko wa zai taya ka aikin, ka zauna kusa da shi ka tabbata sunanka da imel ɗinka da lambarka aka shigar, kuma kai ne ka ƙirƙiri kalmar sirri. Mai sayen fili a Kano ba ya yarda dillali ya rubuta sunansa a takarda, to nan ma haka abin yake.

Idan kana kan Blogger kuma ba gaggawa kake yi ba, akwai dabara mai kyau. Blogger yana ba da damar liƙa sunan da ka saya a kan shafinka na yanzu ba tare da ya karɓi kuɗi ba. Ka yi hakan, ka bar shi wata biyu ko uku. A wannan tsakanin duk wanda ya bi tsohon adireshi za a kai shi sabo, Google zai saba da sabon suna, masu karatu ma su saba. Ranar da ka tashi ƙaura, a idon mutane babu abin da ya canza sai fasalin shafi.

Zaɓen masauki

Ga mai shafin rubutu, masaukin haɗaka ya isa, wato wanda shafuka da yawa ke zaune a kan kwamfuta ɗaya suna raba kuɗin haya. Kada wani ya tsorata ka ka sayi babban tsari tun ba ka buƙace shi ba, domin ƙara girma daga baya abu ne mai sauƙi. Akwai kamfanonin gida irin su Qservers da GO54, wanda a da ake kira Whogohost, da ke karɓar naira ta katin banki ko tura kuɗi, akwai kuma na waje irin su Namecheap da Hostinger. Matsalar na waje ita ce biyan kuɗi, domin an yi lokacin da bankuna da yawa suka dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, kuma wanda shafinsa ya zo sabuntawa a irin wannan lokaci ya san wahalar da ya sha.

Kafin ka biya, ka tambayi abubuwa kaɗan. Nawa ne kuɗin shekara ta biyu, tunda yawancinsu suna karya farashi a shekarar farko su ɗaga daga baya? Suna ba da takardar tsaro ta SSL kyauta? Suna ajiye kwafin shafuka, kuma sau nawa? Akwai cPanel, wato allon da za ka riƙa sarrafa masaukin da shi? Sannan ka aika musu da tambaya tun kafin ka zama abokin cinikinsu ka ga tsawon lokacin da za su ɗauka su amsa, saboda wanda ya yi kwana biyu bai amsa wa mai shirin ba shi kuɗi ba, ba zai amsa da wuri ba ranar da shafinka ya faɗi.

Ɗaure kaya

Kada ka taɓa komai sai ka sauke cikakken kwafin tsohon shafi. A WordPress.com za ka shiga Tools, ka danna Export, ka zaɓi dukkan abin da ke ciki, a ba ka fayil mai ƙarewa da .xml, kuma yana da kyau ka sauke hotunanka daban. A Blogger za ka shiga Settings ka gangara inda aka rubuta Back up content. A da yakan ba da fayil ɗin nan take, yanzu kuwa yana tura mutum Google Takeout, inda za a haɗa kayan a dunƙule a aiko maka da sanarwa ta imel. Ka ajiye kwafin a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ko filas, ɗaya a Google Drive. Ka kuma buɗe takarda ka rubuta adadin rubuce-rubucenka, tare da cikakken adireshin guda ashirin da aka fi karantawa, domin da su za ka gwada aikinka a ƙarshe.

Wannan aiki na kwamfuta ne, waya ba ta dace da shi ba, ko da aron kwamfutar za ka yi. Ka cika ta da caji, ka tanadi isasshiyar data, ka zaɓi lokacin da layi ba ya cunkoso, kamar daga tsakar dare zuwa asuba, saboda idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ana tsakiyar shigar da kaya, rabin rubutu ne zai shiga, kuma gano inda aka tsaya ya fi farawa daga farko wuya.

Daga nan sai ka haɗa suna da masauki. Kamfanin masauki zai ba ka adireshi biyu na abin da ake kira nameserver, wanda ke nuna masaukin da sunanka zai kai mutane, ka je inda ka sayi suna ka shigar da su. Idan wuri ɗaya ka sayi duka biyun, galibi an riga an haɗa maka. Canjin yakan ɗauki sa'o'i kaɗan, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya game duniya, don haka idan abokinka a Sabon Gari yana ganin sabon shafi kai kuma a Gwale kana ganin tsoho, ba abin da ya lalace. Wanda ya riga ya liƙa sunansa a Blogger ya sanar da masu karatunsa cewa za a yi kwana ɗaya ana gyara.

A cikin cPanel akwai manhajar Softaculous da ke girka WordPress cikin 'yan mintuna. A nan ya kamata a bambance abu biyu masu suna ɗaya. WordPress.com dandali ne na kamfanin Automattic, ita kuwa manhajar WordPress da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara fitarwa a 2003 kyauta ce ga kowa, kuma a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki, wanda ke nufin duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya kuma rubuta maganinta. Wajen girkawa kada ka bar sunan shiga ya zama admin, domin shi ne abu na farko da masu kutse ke gwadawa, kuma kada kalmar sirrinka ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka. Ka tabbata adireshin ya fara da https. Takardar tsaro ta SSL ce ke ba da wannan, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kuwa kyauta ce, kuma yawancin masaukai suna sabunta ta da kansu. Tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro, abin da ke korar mai karatu tun bai karanta layi ɗaya ba.

Inda aka fi yin asara

Kafin ka shigar da rubutu ko ɗaya, ka gyara tsarin adireshin rubuce-rubuce. Dalili shi ne, duk mahaɗin da ka taɓa turawa a zaurukan WhatsApp, da wanda mutane suka ɗora a Facebook shekaru huɗu da suka wuce, da wanda Google ya ajiye, suna nan suna yawo, kuma ta nan yawancin baƙinka ke shigowa. Idan tsarin ya canza, duk wanda ya danna zai tarar da saƙon 404, wato ba a sami shafin ba, kuma ba kowa ne zai tsaya nema ba. Blogger yana jera adireshi da shekara, sai wata, sai kan rubutu, sai .html a ƙarshe. Domin WordPress ya bi wannan sawu, ka shiga Settings, ka danna Permalinks, ka zaɓi Custom Structure, ka rubuta /%year%/%monthnum%/%postname%.html. Wanda ya taso daga WordPress.com kuwa ya zaɓi Day and name, domin shi ne tsarin da ake amfani da shi a can.

Yanzu sai ka je Tools, ka danna Import, ka zaɓi Blogger ko WordPress gwargwadon inda ka fito, ka ɗora fayil ɗinka. Mai fitowa daga WordPress.com ya tabbata ya yi alama a akwatin da ke cewa a sauko da hotuna, kuma tsohon shafin ya kasance a buɗe ga kowa a lokacin, saboda daga can ake janyo su. Idan aka ce fayil ya yi girma, iyakar da masaukin ya sa ce, wadda a wasu wuraren megabayit 2 ce kacal, kuma ana ɗaga ta a cPanel ko a roƙi kamfanin ya ɗaga. Idan kuma manhajar shigar da kayan ta ƙi karɓar fayil ɗin da Google Takeout ya ba ka, ka sabunta ta ko ka nemi wata da aka yi domin sabon tsarin.

Ko da ka yi duk wannan, wasu adireshin ba za su zo daidai ba, domin Blogger yana datse dogon kan rubutu yayin da WordPress ke barinsa da tsawonsa. A nan ne takardar nan ta guda ashirin za ta yi amfani. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai buɗe ba ka gyara wutsiyar adireshinsa da hannu ta koma yadda take a da. Sauran kuma ƙaramar manhaja mai suna Redirection za ta riƙa rubuta maka duk adireshin da aka nema aka rasa, kai kuma ka karkatar da shi inda ya dace da umarnin 301, wanda ke shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Wanda bai taɓa sayen suna ba sai yanzu, yana buƙatar tsohon adireshin kyauta ya riƙa turo mutane. WordPress.com yana sayar da wannan hidima da sunan Site Redirect, ana biya duk shekara, kuma ni ina ganin ta cancanci kuɗinta aƙalla a shekarar farko.

Hotunan Blogger suna da nasu sha'anin. Sau da yawa za ka ga hoto ya fito lafiya a sabon shafi, alhali har yanzu daga rumbun Google ake nuno shi. Ka danna hotuna kaɗan ka duba adireshinsu, idan ka ga googleusercontent ko blogspot a ciki, to ba su ƙaura ba tukuna, sai ka nemi ƙaramar manhajar da ke kwaso hotunan waje zuwa rumbunka.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ɓangare ba za ka same shi a jagororin Turanci ba, kuma mu ya fi shafa. Bayan an shigar da kaya, ka buɗe rubuce-rubuce da dama ka duba ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. Idan ka ga alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana a gurbinsu, matsalar daga rumbun bayanai take, wanda ya kamata ya kasance a kan tsarin utf8mb4. Gara ka goge ka gyara ka sake shigarwa tun da wuri, da ka zauna kana bin rubutu ɗari uku da hannu. Idan kuwa haruffan sun fito amma sun bambanta da 'yan'uwansu, ƙ ta yi ƙiba ko ɗ ta karkace a tsakiyar kalma, to salon rubutun da rigar shafin, wato fasalin da ka zaɓa masa, ta zo da shi ne ba shi da su, sai manhaja ta aro daga wani wuri. Maganinsa shi ne ka koma salon da ya ƙunshe su, kamar Noto Sans. Duk rigar shafin da za ka gwada, ka rubuta jimla irin “Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ɗaki” ka duba ta a waya kafin ka yanke shawara, tunda da waya mafi yawan mutanenmu suke karatu, kuma riga mai nauyi da hotuna masu motsi datarsu kawai za ta cinye.

Haka nan idan kan rubutunka yana da harafi mai lanƙwasa, WordPress yakan bar shi a cikin adireshi, kuma da zarar an kwafa an tura a WhatsApp sai ɗ ta koma %c9%97, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni har mutum ya ji tsoron dannawa. Ka saba da gyara wutsiyar adireshi kafin ka wallafa, ka mayar da ita haruffa marasa lanƙwasa, amma ka bar kan rubutun da jikinsa da ingantacciyar Hausa.

Bayan an sauka

Ka yi wa sabon shafin rajista a Google Search Console ka miƙa taswirarsa, wato jerin adireshin duk rubuce-rubucenka, wadda WordPress ke haɗawa da kansa a wp-sitemap.xml tun fitowar 5.5 a shekarar 2020. Mai samun kuɗin talla ta AdSense ya ƙara sabon adireshin a asusunsa ya kuma ɗora fayil ɗin ads.txt. Ba abin mamaki ba ne baƙi su ɗan ragu a makonnin farko kafin Google ya gama bin sababbin hanyoyi.

Ka girka UpdraftPlus ko makamanciyarta, ka saita ta riƙa tura kwafin shafin zuwa Google Drive kowane mako, domin kwafin da ke zaune a masauki ɗaya da shafin tare za su tafi idan wani abu ya faru. Ka riƙa sabunta WordPress da ƙananan manhajojinsa duk lokacin da aka sanar, ka taƙaita yawansu, kuma ka nisanci rigunan shafi da manhajojin kuɗi da ake rabawa kyauta a zaurukan Telegram, saboda sau da yawa an cusa musu ƙofar da masu kutse za su shigo ta baya.

Tsohon shafin kada ka goge shi, kada kuma ka rufe asusun Google da ka buɗe shi da shi, ko da bayan shekara ne, domin shi ke turo maka masu bin tsohon adireshi, kuma wataƙila wasu hotunanka suna can. Ranar ƙarewar suna da ta masauki kuwa, ka rubuta su a kalandar wayarka da tunatarwa wata guda kafin lokaci, ka ware kuɗin tun da wuri. Sunan da ya wuce wa'adinsa ana iya fanso shi na ɗan lokaci, yawanci da tara mai tsada, bayan nan kuma ya koma kasuwa, duk wanda ya riga biya ya ɗauka.